Mararrabar USB Don Shagon Kawu: Kundin Aiki

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

A watan nan kamfanin Raspberry Pi, mai ƙera ƙananan kwamfutocin Pi, ya fitar da tasa mararrabar USB mai kafa huɗu, wato na'urar da ke raba kafar USB ɗaya zuwa da yawa, a kan dala 12. USB 3 ce, kuma an yi mata kafar USB-C a gefe domin a ba ta wuta daga caja idan kayan da aka jona mata sun yi wa kwamfutar nauyi. Tun da labarin ya fito abokai ke turo mini shi, wai ga abin da nake ta nema ya zo har gida. Kaya ne mai kyau ga mai Pi 4 ko Pi 5. Ni kuwa ƙaramar Pi ɗin nan, Zero 2 W, ce a hannuna, wadda ta fito a Oktoban 2021 a kan dala 15, tsawonta milimita 65, faɗinta 30. Kafofin micro USB biyu gare ta, ɗaya ta wuta, ɗaya ta bayanai, kuma ta bayanan USB 2.0 ce. Ko an jona mata sabuwar mararrabar ba za ta wuce gudun da ta saba ba.

Aikin shi ne: kawuna yana da shagon kayan masarufi a Gyaɗi-Gyaɗi, har yau lissafinsa a littafi yake, ciniki daban, bashi daban. Ina son in haɗa masa ƙaramar na'urar ciniki: sikana mai karanta lambar jikin kaya, kibod, firintar rasit, da filash da za a riƙa kwafe lissafin yini a ciki. Kaya huɗu, kafa ɗaya. Sikirin ɗin mai inci 7 ne, ta HDMI zai shiga, ba ya cikin wannan rigimar.

Ana iya sayen mararraba a kasuwa, a haɗa da ɗan adaftan OTG mai mai da micro USB babbar kafar USB, a naɗe da salatif. Amma duk wanda ya san kantar shago ya san abin da ke faruwa da igiyar da ke reto: yau buhun sukari ya danne ta, gobe yaro ya ja ta da gwiwar hannu. Shi ya sa na yanke zan zana fanel nawa, wato allon da ake lika kayan lantarki a kai, daidai girman Zero, ya kwanta a ƙarƙashinta, a ɗaure su da sukuru huɗu su zama abu ɗaya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kafin zane, na gwada komai da mararrabar kasuwa don in ga inda gizo ke saƙa. Kibod da sikana sun yi aiki lafiya. Ina soka filash, sikirin ya yi baƙi, kwamfutar ta sake tashi daga farko. In aka soka filash ɗin tun kafin a kunna, babu matsala. Ke nan ba bayanai ba ne, wuta ce.

Ga yadda abin yake. A kan Zero, bolt 5 da ke shigowa ta kafar wuta shi ne yake fita kai tsaye ta kafar bayanai, babu fis a tsakani, babu wani abin da ke iyakance jan wuta. Kowace na'urar USB tana da kafasito, wato ɗan ma'ajin wuta, a bakinta, kuma lokacin da aka soka ta wannan kafasiton fanko yake, sai ya zuƙi wuta da ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Ƙa'idar USB 2.0 ta san da wannan: ta ce kafasiton bakin na'ura kada ya wuce maikurofarad 10, mararraba kuma ta tanadi aƙalla 120 a ɓangaren kafofinta domin ta cike giɓin. Na buɗe ta kasuwar, wajen kafasiton yana nan a fanel, an zana da'irarsa, amma ba a sa komai ba. An rage kuɗi ke nan. Don haka idan filash ya zuƙa, daga bakin Zero yake zuƙa, ita kuma ta suma.

Abin da ya ƙara ɓoye matsalar: manyan Pi, tun daga B+ ta 2014, suna da ma'aunin da ke gargaɗi idan wuta ta sauka ƙasa da kusan bolt 4.63. Dangin Zero ba su da shi. Ba za ta ce maka komai ba, sai dai ka ga ta mutu, ko memori ya lalace.

Sai kuma kebul. Yawancin siraran kebul na caja wayar cikinsu mai lamba 28 ce, wadda ke da turjiyar kusan om 0.21 a kowace mita. Wuta zuwa take ta dawo, ke nan kebul mai mita ɗaya om 0.42 ne. Ja amfiya ɗaya ta cikinsa, ka rasa kusan rabin bolt a hanya. Caja ta ba da 5, Zero ta karɓi 4.6 ko ƙasa. Mutane da yawa suna zagin caja alhali kebul ne ɓarawon.

Ƙa'idar ta kuma ce mararrabar da ke shan wuta daga jikin kwamfuta miliamfiya 100 kawai ta yi wa kowace kafa alkawari, mai wutar kanta kuma 500. Sikana idan ta kunna fitilarta tana iya wuce 100, filash ma haka idan yana rubutu.

Saboda haka na juya tsarin. Wuta za ta fara shiga fanel ɗina ne, ta wayoyi masu kauri da aka ɗaure da sukuru, daga nan fanel ya raba: hannu ɗaya ya ciyar da Zero, ɗaya ya ciyar da kafofi huɗun. Mararraba ce za ta riƙe kwamfuta, ba kwamfuta ce za ta goya mararraba ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Zaɓen aisi, wato ɗan guntun lantarkin da zai zama ƙwaƙwalwar mararrabar. Na tsaya a kan FE1.1s na kamfanin Terminus da ke Taiwan: kafa huɗu, ƙafafu 28, kiristal mai megahaz 12, razisto mai kilo-om 2.7, da 'yan kafasito. Yana da arha, kuma ana iya lika shi da hannu.

Akwai abu ɗaya da ya sa na ɗan yi jinkiri. USB 2.0 gudu uku gare ta: megabit 480, 12, da 1.5 a sakan. Filash yana magana da na sama. Kibod, sikana da firinta duk na ƙasa suke yi, kuma sai mararraba ta fassara maganarsu zuwa babban gudu kafin ta miƙa wa kwamfuta. FE1.1s mai fassara ɗaya gare shi, duk kafofin huɗu shi suke jira. Wasu, irin GL852G na Genesys Logic, kowace kafa da nata. Da makirfo ko na'urar sauti zan jona, da dole in nemi mai yawa. Amma me kibod ke aikawa? Me sikana ke aikawa, ban da lambobi 13 na jikin gwangwanin madara? Ita sikanar ma a idon kwamfuta kibod ce kawai mai saurin bugu. Mai fassara ɗaya ya ishe su har ya yi saura.

Asabar, 21 ga Disamba

Zane a KiCad, manhajar zana fanel, ya kusa kammala. Ramukan sukuru na Zero tazararsu milimita 58 a tsaye, 23 a kwance, sukurun M2.5.

Yadda fanel zai yi magana da Zero ba tare da kebul ba: a bayan Zero akwai 'yan ɗigogin tagulla da masana'anta ke amfani da su wajen gwaji, cikinsu akwai na bolt 5, na ƙasa (wato hanyar komawar wuta), da biyu na bayanan USB. Zan dasa allurai huɗu masu sifirin a kan fanel ɗina, idan aka ɗaure sukuru su danna ɗigogin. Wanda zai kwaikwayi wannan ya kula: mazaunin ɗigogin a Zero 2 W ba daidai yake da na tsohuwar Zero ba, ko da yake girman fanel ɗaya ne. Kamfanin ya wallafa takardar mazauninsu, da ita na yi aiki, sannan na buga zanen a takarda na ɗora Zero a kai na duba da ido.

Layukan bayanai biyun dole su tafi tare, tsawo ɗaya, kusa da juna, ƙa'ida tana son om 90 a tsakaninsu. A fanel mai hawa biyu da kaurin milimita 1.6 samun wannan daidai yana buƙatar layi mai faɗi sosai. Na gajarta su iyakar iyawa, na bar tagullar ƙasa a shimfiɗe a bayansu ba tare da yanka ba. A tazarar da ba ta kai ɗan yatsa ba, wannan ya wadatar.

Hunturu ya shigo sosai, kuma shi ya tuna mini abin da zanen farko bai da shi. A wannan busasshen yanayi mutum ya tashi daga kujerar roba ya taɓa ƙofar ƙarfe sai ya ji tsit a yatsa. Wannan tartsatsin dubban bolt ne, kuma hannun da ke soka filash kowane dare shi zai kai shi bakin aisi. Zanukan da na gani a intanet da yawa ba su damu da shi ba, wataƙila masu su a wuri mai laima suke zaune. Na ƙara USBLC6-2 a kowace kafa, ɗan ƙaramin abu mai ƙafa shida da ke karkatar da tartsatsin zuwa ƙasa. Na kuma sa fis mai warkewa da kansa a kowace kafa, da kafasito mai maikurofarad 220 guda biyu a layin kafofin.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An tura zane Shenzhen. Na yi sauri ne saboda sabuwar shekarar Sin za ta kama 29 ga wata, masana'antu kuma rufewa suke yi. Biyar na yi oda, shi ne mafi ƙarancin da suke bugawa. Kuɗin jigila ya fi kuɗin fanel ɗin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Manyan abubuwan na lika da kaina da dalma. Aisi da 'yan ƙananan kuwa na kai wa wani mai gyaran waya a Farm Centre da muka saba, yana da bulowa da madubin ƙara girma, hannunsa kuma ba ya rawa. Ya juya fanel ɗin gaba da baya ya ce, "Injiniya, wannan na wace waya ce?" Na ce ba ta waya ba ce, ni na zana. Ya ce, "To ai ka ba da fili kamar filin idi. Mu da muke aiki a inda kan allura ba ya shiga." Kafin in gama shan ruwan leda ya gama.

A gida na fara auna wuta ba tare da Zero ba: 5.1 a shiga, 5.1 a kowace kafa, 3.3 a inda aisi ke fitar da nasa. Na ɗaure Zero, ta tashi ta hanyar alluran, abin ya yi daɗi. Na buga lsusb, umarnin da ke jera na'urorin USB da kwamfuta ke gani. Babu mararraba.

Dalilin yana cikin ƙafa ta huɗu, mai suna ID, daga ƙafafu biyar na micro USB. Kafar Zero tana iya zama uwar gida mai ba da umarni, tana iya zama 'yar aike da wata kwamfuta ke sarrafawa. Adaftan OTG yana haɗa waccan ƙafa ta huɗu da ƙasa, da haka Zero ke gane ita ce mai gida. Alluraina ba sa taɓa wannan ƙafar. Memorin da nake gwaji da shi kuwa an taɓa saita shi don a riƙa shiga Zero ta kebul daga laftof, direban dwc2 mai sarrafa kafar USB yana kunne yana jiran waccan alama. Gyaran layi ɗaya ne a /boot/firmware/config.txt:

dtoverlay=dwc2,dr_mode=host

Bayan sake kunnawa sai ga lambar aisin a lsusb: 1a40:0101, Terminus Technology. Na jona kibod, sikana da firinta, sannan na yi ta soka filash ina zarewa har hannuna ya gaji. Ko gezau.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wata matsala mai wuyar kamawa. Idan ana tura babban fayil ta Wi-Fi, jifa-jifa mararrabar takan ɓace ta dawo, dmesg, mai nuna rahoton abin da ke faruwa a kwamfutar, ya nuna an cire an mayar. Eriyar Zero a jikin fanel take, ba nisa da ɗigogin, alluran bayanai kuma tsirara suke tsaye, sai suka zama kamar ƙananan eriya suna kwasar abin da ba nasu ba. Masu sayar da irin wannan fanel sun san da shi tun fitowar Zero W a 2017, shi ya sa wasu ke haɗawa da ɗan zoben ferayit mai tace irin wannan hayaniyar. Na samo zobe daga wani mataccen fanel na zura wa alluran biyu. Tun daga nan ban sake gani ba. A shago ma Wi-Fi a kashe zai zauna sai lokacin sabunta manhaja.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata. Kawu ya so a bari sai bayan salla, na ce ai yanzu ne gwajin gaskiya, lokacin da ake layin sukari, madara da man gyaɗa.

Tushen wuta shi ne ya ci mini lokaci. Fawa bank bai yi ba: yawancinsu suna yanke fitarwa na ɗan lokaci idan aka kawo wuta ko aka ɗauke, kuma wannan ɗan lokacin ya isa kashe Zero a tsakiyar rubutu. Inbata ma ɓarna ce, a ɗaga bolt 12 zuwa 230 sannan caja ta sake sauke shi zuwa 5. Shagon yana da batirin sola mai bolt 12 da ke riƙe fitilu da fanka, don haka daga shi na ja kai tsaye, da fis a kusa da kan batir, zuwa ɗan fanel na LM2596 mai sauke bolt, wanda na saita a 5.1. Batirin yakan hau wajen 14.4 da rana idan yana caji, ya sauko kusa da 12 da dare, amma abin da ke fita bai motsa ba. Firinta bolt 9 aka rubuta a cajarta, ita ma na ba ta nata LM2596 ɗin. Yanzu a kawo wuta ko a ɗauke, na'urar ba ta ma sani ba.

Sai ga wani sabon abu. Rasit na rubutu zalla yana fita lafiya. Amma na sa sunan shago a sama da babban baƙin zane, kuma duk lokacin da firinta ta zo kansa sai ta ɓace daga USB, rasit ya tsaya a rabi. Firintar rasit ba ta da tawada, ƙona takarda take yi, ɗigo 384 a kowane layi a takarda mai milimita 58. Layin da ya cika da baƙi yana kunna ɗigo da yawa lokaci ɗaya, ja ya yi tsalle. Wutar da ta shiga kuma dole ta koma batir, kuma hanya biyu ta samu: wayar baƙi da na ja mata, doguwa siririya, da kuma ƙasan kebul ɗin USB ta cikin fanel ɗina. Ta raba kanta biyu, rabin da ya bi ta USB ya ɗaga ƙasan firinta sama da na mararraba, maganarsu ta rikice. Lokacin da take kan cajarta ta bango wannan bai taso ba, domin komawar ba ta ratsa ko'ina. Na canja mata waya mai kauri, gajera, na kai kowace baƙar waya kan batir kai tsaye maimakon ɗaya ta hau bayan ɗaya. Na kuma rage baƙin zanen.

Zanen ba don ado kawai na sa shi ba. Haruffan da ke cikin firintar babu ƙ, ɗ, ɓ, babu alamar naira. Duk layin da ke da su sai an mai da shi hoto kafin a tura. Kawu ya karɓi rasit na farko, ya ɗaga gilashi ya duba, ya ce, "Ɗana, ina wajen bashi?" Na ce, "Kawu, ai rasit na wanda ya biya ne." Ya ce, "To rabin unguwar nan ba su da rasit ke nan." Wannan aikin manhaja ne, na rubuta shi a jerin abin yi. Littafin bashi yana nan a kan kanta tukuna.

Asabar, 29 ga Maris

Kasuwar salla ta yi zafi, garin ma haka. Na'urar tana aiki daga safe har bayan tarawihi. Da azahar, cikin akwatin roba, umarnin auna zafin Pi, vcgencmd measure_temp, yana nuna sama da digiri 70. Pi takan fara rage gudu ne a 80, saboda haka da sauran tazara, amma Afrilu na tafe. Abin da ya fi zafi ma ba Zero ba ce, LM2596 ne, an rubuta masa amfiya 3 amma ba tare da ƙarfen sanyaya ba rabin haka ma yana ƙona yatsa. Na fitar da shi daga akwatin, na huda ramuka a gefe da ƙasa. Ban huda sama ba saboda ƙura da garin fulawa.

Sau ɗaya sikana ta ɗauke. Yaron shago ya ja igiyarta har ta kai bakin ƙofa zai karanta katan, kafar ta ɗan saki. Kafofin da na sa masu kwanciya a saman fanel ne, dalma kaɗai ke riƙe su. Na ɗaure igiyar a jikin kanta da ƙusa mai lanƙwasa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na fara zane na biyu. Kafofin USB za su koma masu ƙafafun da ke ratsa fanel, su ne ke jure ja. Fis mai warkewa zai tafi: yana da jinkiri, yana cin ɗan bolt, kuma a zafi yana saurin yankewa tun ba a kai adadinsa ba. Zan sa makunni mai iyakance ja irin TPS2051 a kowace kafa, wanda ke buɗe wuta a hankali, ya kuma sanar da aisi idan wata kafa ta yi gajeren haɗi. Mai sauke bolt zai hau kan fanel ɗin kansa, a shigo da 12 kai tsaye, da kariya idan wani ya juya ja da baƙi, domin masu gyaran sola ba kullum suke tambaya ba kafin su kwance kan batir.

Abu mafi muhimmanci shi ne agogo. Zero ba ta da agogon da ke tafiya idan an kashe ta, daga intanet take karɓar lokaci, shagon kuma babu intanet. Ranar da aka cire batir don a ƙara masa ruwa, rasit ɗin yammacin duk da lokacin safe suka fita, lissafin yinin ya hau kan juna. Zan sa aisin agogo DS3231 da ɗan batirinsa mai kamar kwabo. Yana magana ta I2C, ke nan ƙarin allurai zuwa ƙafa ta 3 da ta 5 a jerin ƙafafu 40 na Zero, da wata don bolt 3.3. Waɗannan ramuka ne, ba ɗigogi ba, don haka ko dai a cike su da dalma ko a nemo allura mai faffaɗan kai. Na fi karkata ga cikewa.

Mai kemis ɗin da ke jikin shagon kawu ya leƙo ya ga rasit, ya ce shi ma yana so. Akwai fanel huɗu na zanen farko a ajiye, amma na ce ya jira na biyu, tunda shi ranar ƙarewar magani yake son na'urar ta riƙa duba masa, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da agogo. Gobe zan je shagonsa in ga irin batirin da yake da shi da nisansa daga kanta, don in san kaurin wayar da za a saya a Sabon Gari.